Fitilar tablon mota: gyaran da za ka iya yi a gida

Ɗan'uwa manomi, in kana da mota, ko ɗanka na tuƙa ta wani, wannan magana taka ce. A nan Alakos yawancin tafiyarmu ta dare ce. Rani ya yi, rana ta ƙwalle, direba sai ya jira la'asar sakaliya kafin ya ɗora buhunan hatsi da awaki ya kama hanyar Gure. Kowa na duba fitilun gaba. Amma ƙananan fitilun da ke haskaka tablo, wato allon da ke gaban direba, ba mai kula da su.

Na taɓa shiga wata tsohuwar Land Cruiser daga Garazu. Tablonta duhu ƙirin. Cikin rairayi ruwan radiyata ya tsiyaye, allurar zafi ta hau ja, direba bai gani ba sai da inji ya yi hayaƙi. Mun kwana biyu a daji, da mace mai ciki a cikinmu. Ƙwan fitila ne ya mutu, wanda bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba.

To, ga yadda ake yi. Ka yi aikin da rana, a inuwa, bisa tabarma, don kada rairayi ya haɗiye maka ƙusa. Da farko ka kwance wayar batir ta wajen alamar ragewa (–). Sannan ka sa turnabis ka kwance ƙusoshin da ke riƙe da tablo, ka jawo shi sannu. A tsofaffin motoci, irin Peugeot 404 da 504 da Hilux ta da, akwai wata waya mai kauri a baya wadda ke juya allurar gudu. Cire ta da hannu, kada ka fizga. A bayan tablo za ka ga ƙananan mazaunai na roba. Ka murɗa kaɗan zuwa hagu, mazauni ya fito da ƙwansa. Wanda ya yi baƙi, ko zarensa ya tsinke, ya mutu.

Nan ne karatun yaƙi da jahilci zai yi maka rana. Karanta abin da aka rubuta a jikin tsohon ƙwan ko mazauninsa. Sau da yawa za ka ga 12V 1,2W. Lambar farko ƙarfin wutar motar ce. Ƙananan motoci 12 ne, manyan kamyo da wasu Land Cruiser masu gazuwal 24 ne. Ƙwan 12 a motar 24 nan take zai ƙone. Lamba ta biyu cin wutarsa ce. Kada ka sa wanda ya fi tsohon ci don neman haske, zafinsa na narkar da roba. Abin da ya fi, ka tafi da tsohon cikin kwalin ashana zuwa wurin masu kayan mota a Gure ko Damagaram.

Yanzu akwai sabon iri da ake kira LED, irin hasken tocilar zamani. Yana cin wuta kaɗan, ba ya zafi sosai, kuma ba shi da zaren da girgizar hanya za ta tsinka. Sai dai yawancinsa na da gaba da baya. In ka sa bai kama ba, cire ka juya shi. Ni dai ban son mai farin haske da yawa, yana kashe ido, direba ya kasa ganin raƙumi a kan hanya.

Ka saurara da kyau a nan. Akwai ƙwai ɗaya da ba a canja masa iri: jar fitila mai hoton batir. A tsofaffin motoci da yawa, ɗan wutar da ke bi ta cikin wannan ƙwan ita ce ke tada dinamo ya fara cika batir. LED ba ya barin isasshiyar wuta ta wuce. Sai mota ta yi ta tafiya batir na ƙarewa, ka tsaya sallar asuba, ta ƙi tashi. Wannan ka mayar masa da mai zare, daidai irin na da.

In duka fitilun tablo suka mutu lokaci ɗaya, ba ƙwai ba ne, duba fizibil. Ka sa mai lamba ɗaya da wanda ya ƙone. Masu naɗa takardar kwalin taba ko guntun waya a wurin, gobara suke nema.

Kafin ka rufe, goge ƙurar hunturu daga gilashi da tsumma mai laushi, amma kada yatsa ya taɓa allurai. Mayar da wayar batir, kunna ƙananan fitilu, ka gani ko ko'ina ya haska. Sannan murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba: fitilar batir da ta man inji dole su kama, in inji ya tashi su mutu. In ta mai ta ƙi mutuwa, kashe inji nan take, ka zaro sandar awo ka duba mai.