Shin Ko Kun San? Daga Hubbare Zuwa Ɗakin Kwamfuta

Shin ko kun san cewa malaman Sakkwato sun daɗe suna mayar da harafi lamba tun ba a yi mafarkin ƙera kwamfuta ba? Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malamin zaure a unguwar Hubbare ya san ramzi: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, haka har a kai dubu. Marubucin waƙa in ya zo ƙarshe sai ya ƙulla wata 'yar kalma, wadda in ka tara ƙimar haruffanta za ta ba ka shekarar hijirar da ya ajiye alƙalami. Nana Asma'u, wadda kabarinta ke nan Hubbare kusa da na mahaifinta Shehu Usmanu, ta rufe waƙoƙinta da dama da irin wannan lissafi. To, ita ma kwamfuta lamba kaɗai ta sani. A tsarin ASCII da Amurkawa suka fara fitarwa a 1963, babban A lambarsa 65, B kuma 66. Shekarun da na yi ina koyar da darasin share fagen kwamfuta ga 'yan ajin farko a wata kwaleji a garin nan, ban taɓa samun ƙofar shiga wannan babi da ta fi ramzi sauƙi ba. Ana ambatarsa sai ka ga waɗanda suka yi makarantar allo sun gyara zama.

Ko kun san cewa a cikin gurabe 128 na wancan tsari babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ? Waɗanda suka tsara shi Ingilishi suke ji, don haka Ingilishi suka yi wa gida. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya ba haruffanmu masu lanƙwasa lambarsu a duniya. Har yau ragowar wannan wariya na cikin aljihunku. Gajeren saƙon tes na waya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar kun jefa ƙ guda ɗaya a ciki, sai wayar ta koma wani tsari mai cin wuri, saƙon ya dawo haruffa 70. Ku gwada yanzu ku gani. Ga ɗaya daga cikin dalilan da suka sa mutane suka saba rubuta "baki" alhali baƙi suke nufi, a bar mai karatu ya yi ta canki-canki ko baƙin ne suka zo ko bakin ne ke ciwo.

Shin kun san littafin lissafin Uƙlidis ya riga Turawa isowa Sakkwato? Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya dawo garin karo na biyu, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da Uƙlidis na Larabci. Bello ya yi murna, ya kuma shaida masa cewa gidansu na da kofi tun da, gobara ce ta cinye shi. Clapperton bai koma gida ba, a nan ya rasu a 1827. Abin da ya sa na kawo zancen shi ne, a cikin littafin nan akwai hanyar gano babbar lambar da ke raba lambobi biyu ba saura, mataki bayan mataki, kuma har gobe tana cikin misalan farko da ake bai wa ɗalibin kwamfuta in an zo koya masa jera umarni. Ita kanta kalmar da Turawa ke kiran irin wannan jerin matakai da ita, algoridim, sunan mutum ce aka lanƙwasa: Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Daga sunan littafinsa kuma aka sami aljabara.

Akwai kuma namu na kusa. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ranar da zan fara koyar da Excel ba na cewa komai game da kasafin kuɗi. Gidajen hatimi tara nake sa ɗalibai su zana, uku sau uku, in ce a zuba 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15, kuma na'urar ce za ta yi tarawar. Kafin awa ta cika sun koyi sunan kowane gida, sun koyi rubuta ƙa'idar jimla, sun ga yadda sauya lamba ɗaya ke girgiza sauran. Wani lokaci har gardama ke tashi a bayan aji kan wace lamba ce ta cancanci tsakiya. Biyar ce.

Ko kun san linzamin kwamfuta na farko da katako aka yi shi? Douglas Engelbart da abokan aikinsa ne suka ƙera shi a Kalifoniya, ya nuna wa duniya a 1968. Mu nan maus muke ce masa, kuma shi ne dodon 'yan ajin farko. Ba na manta wani saurayi da ya zo daga ƙauye can wajen Gwadabawa, mai kaifin kai, wanda ya haddace dukkan zubin kwamfuta biyar tun daga mai kwan fitila. Na ce ya kai kibiya kan hoton jaka. Sai ya ɗaga maus ɗin sama, ya auna fuskar na'urar da shi kamar mai sauya tasha a talabijin. "Malam, wanga abu ba shi tahiya." Aji ya fashe da dariya, amma rabin masu dariyar ba su taɓa dafa shi ba su ma. Hukumar JAMB ta san da wannan. Ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, ta mayar da kowa kanta a 2015, daga baya kuma ta fito da tsarin madannai takwas don wanda bai iya maus ba ya amsa tambayoyinsa: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, da sauran biyu na miƙa aiki ko fasawa. Ma'ana, yaro na iya cin jarrabawar kwamfuta ya shigo kwaleji bai taɓa jan kibiya ba.

Jerin madannan nan da ya fara da QWERTY kuwa gado ne daga keken rubutu na shekarun 1870. Ba don Hausa aka jera shi ba, ba don kwamfuta ba ma.

Shin ko kun san wayar da ke hannun ɗan kabu-kabun da ya sauke ku ƙofar makaranta ta fi na'urar da ta kai mutum duniyar wata? Kwamfutar kumbon Apollo 11 na 1969 wurin aikinta bai wuce kilobayit 4 ba. Waya mai gigabayit 2 ta ninka wannan sau fiye da dubu 500. Kwamfutar ENIAC, wadda aka ƙaddamar a Amurka a 1946, tana da kwan lantarki sama da 17,000, nauyinta kusan tan 30. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, ke nan ɗaliban da ke aji yanzu ba su san duniyar da babu ita ba. Sun iya WhatsApp, sun iya TikTok, sun iya tura kuɗi ido rufe. Amma ka ce wa ɗayansu ya nuna maka inda fayil ɗin da ya sauke jiya yake zaune, sai ya yi tsuru-tsuru. Waya ta ɓoye musu rumbun, hatsin kawai take miƙo musu. A ganina nan ne aikin malami yake, kuma nan ne takardun darasin da ake sayar musu suka fi yin shiru.

Ko kun san ɗauke wuta ma malami ne? Bambancin wurin aikin kwamfuta da ma'ajiyarta yana wahalar da ɗalibai in a baki aka faɗa. Ni cewa nake yi: RAM allo ne, ana rubutu ana wankewa, faifan ajiya kuwa gafaka ne, abin da ka sa a ciki yana nan har jikoki. Suna gyaɗa kai, ba sa ɗauka. Sai ranar da mutum ya shafe minti arba'in yana farautar haruffa da yatsa ɗaya, shafi ya kusa cika, fanka ta tsaya, fuskokin na'urori suka yi baƙi gaba ɗaya. Salati ya tashi. Daga ranar ba wanda nake sake tuna wa ya danna ajiya. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar cikin na'ura har ta riƙa kashe kanta. A ajin da na koyar, mutum shida ko bakwai ke rufa a kan na'ura ɗaya, a ranar da aka sami man janareto ke nan. Sauran ranaku a allo nake zana madannai da alli, kuma a takarda ake jarrabawa. Na sha bai wa ɗalibi maki mai kyau a kan bayanin yadda ake buɗe sabuwar jaka, ina sane da cewa in na zaunar da shi gaban na'ura ba zai iya ba. Wannan koyon iyo ne a kan tabarma, kuma da hannuna a ciki.

Shin kun san tsarin sarrafa bayanai ya girmi lantarki? Littattafan wannan darasi suna cewa sassansa biyar ne: na'ura, manhaja, bayanai, ƙa'idojin aiki, da mutane. Ku cire biyun farko ku sa alƙalami da takarda, sai ga ofishin Wazirin Sakkwato. Tun zamanin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, wasiƙu ke kai-kawo tsakanin Sakkwato da sarakunan gabas irin su Kano da Zazzau da Bauci, da hatimin da ke tabbatar da mai aikowa, da manzannin da suka san hanya, da gidan da ake adana abin da ya shigo. Hatimin nan shi ne kalmar sirrin zamaninsa. Ajiyar ta yi kyau har masanin tarihi Murray Last ya zo ya zauna da Waziri Junaidu, ya yi amfani da takardun gidan, ya fitar da littafinsa kan daular Sakkwato a 1967. Ɗalibin da ya gane wannan ba ya ruɗewa in aka ce masa mai POS na bakin kasuwa, da na'urarsa da littafinsa da ƙa'idarsa ta "sai na ga alat", shi ma cikakken tsari ne.

Me ya sa kowa ke da lamba? Ku shiga kowane aji a Sakkwato ku kira "Bello!" ku ga kawuna nawa za su juyo. Rumbun bayanai ba ya jure irin wannan, dole kowane layi ya sami shaidar da ba ya tarayya da kowa a kanta. Lambar shiga makaranta ke nan, da BVN da aka fara a 2014, da NIN, kowacce daga cikin biyun nan lambobi 11.

Ko kun san koyar da kwamfuta a jami'o'in ƙasar nan ya faro ne daga Ibadan, inda kamfanin IBM ya buɗe cibiyar horarwa a 1963? Jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Usmanu Ɗanfodiyo, sai 1975 aka kafa ta. Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu a 1988. Yau ko a jami'ar da ke Dundaye kake, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ko makarantar horar da malamai mai sunan Shehu Shagari, da wuya ka fita ba ka ci karo da wannan darasi ba, ko da Larabci ko tarihi ka zo karantawa. Shi Shagarin ma, lokacin yana malamin makaranta, waƙa ya mayar da labarin ƙasa, ya rubuta Waƙar Nijeriya don yara su riƙe. Ina jiran wanda zai yi wa sassan kwamfuta irin wannan gata.

Shin ko kun san wadda ake ɗauka ta fara rubuta wa na'ura jerin umarni mace ce? Ada Lovelace ta Ingila ta wallafa nata a 1843, ga na'urar Charles Babbage da ba a ma kammala ƙerawa ba. A daidai waɗannan shekaru Nana Asma'u na nan Sakkwato tana naɗa wa matan da ake kira jaji malfa, tana tura su ƙauyuka da darasi a cikin waƙa, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. ENIAC ma mata shida ne suka fara tsara mata aiki. Amma a ajina, in an rufa kan na'ura, samari ke cafke kujera, 'yan mata su tsaya a baya suna leƙe ta kan kafaɗa. Da na gaji sai na kafa doka: minti goma na farko nasu ne. Rannan wata da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta zauna, ta gyara mayafi, ta fara buga sunan unguwarsu, Ƙofar Rini. Ta duba madannan daga dama zuwa hagu, ta sake dubawa daga hagu zuwa dama, sannan ta ɗago. "Malam, ina ƙa mai ƙugiya?" Babu shi a wurin. Muka shiga jerin alamomin Word muna gangarawa, muka wuce haruffan Faransanci da na Jamusanci da wasu da ban san masu su ba, muka same shi can ƙasa. Ta kwafe shi ta ajiye a wani fayil na daban, ta sa masa suna, don kada gobe ta sake wannan doguwar tafiya.