Katako mai taya: wasan da yara ke cin zinariya da shi, da abin da yake buƙata a Agadez

Daga ranar 31 ga watan Oktoba zuwa 13 ga watan Nuwamba na shekarar 2026, birnin Dakar na ƙasar Senegal zai karɓi baƙuncin wasannin Olamfik na matasa. Wannan ne karon farko da za a yi wata gasar Olamfik a nahiyar Afirka. Cikin wasanni 25 da za a fafata a kansu akwai wani da galibin iyaye a jahar Agadez ba su ɗauke shi wasa ba, in ma sun taɓa ganinsa: zamiya a kan katako mai taya, wanda Faransawa ke kira planche à roulettes. Yara kuwa sun riga iyayensu saninsa, don wayar salula ta daɗe da kawo musu hotunansa har cikin ɗaki.

Kayan wasan ba su da yawa. Katako ne mai tsawon kusan santimita 80 da faɗin kusan 20, an lanƙwasa bakinsa na gaba da na baya sun ɗan ɗaga sama. Mai kyau daga cikinsa ana yin sa ne da siraran falle bakwai na itace da aka manne wuri guda, shi ya sa yake lanƙwasawa ba ya karyewa da wuri. A samansa akwai wata takarda mai kaushi da ke riƙe tafin takalmi, a ƙasansa kuma ƙarafa biyu masu ɗauke da ƙananan tayoyi huɗu. Ba shi da birki, ba shi da abin riƙewa. Mai hawa yana tura ƙasa da ƙafa ɗaya, in ya so juyawa sai ya karkata jikinsa.

Me ya sa yara ne a gaba?

Wasan ya shiga Olamfik ne a gasar Tokyo da aka yi a shekarar 2021, kuma abin da ya faru a wurin ya ba duniya mamaki. A rukunin mata na zamiyar titi, Momiji Nishiya ta Japan ta ci zinariya tana da shekara 13. Wadda ta zo ta biyu, Rayssa Leal ta Brazil, ita ma shekararta 13. A ɗaya rukunin, na zamiya cikin babban rami mai siffar kwano, Kokona Hiraki ta ci azurfa tana da shekara 12. Da aka zo Paris a 2024 labarin bai canza ba: Coco Yoshizawa ta Japan da Arisa Trew ta Ostareliya duk sun ci zinariya suna da shekara 14, kuma ƙasar Sin ta aiko da Zheng Haohao mai shekara 11. Wato yarinyar da a nan take ajin ƙarshe na firamare.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jikin yaro ba shi da nauyi, kuma yana kusa da ƙasa, saboda haka faɗuwarsa ba ta kai ta babba ciwo ba. Ga shi bai cika tsoro ba. Wannan wasa kuwa da faɗuwa ake koyonsa: salon tsalle guda ɗaya sai yaro ya gwada shi sau ɗaruruwa kafin ya zauna masa. Babba mai iyali ba shi da wannan lokaci, ba shi kuma da wannan ƙashi.

Ga ƙasa irin Nijar, inda kusan rabin al'umma ba su kai shekara 15 ba, wannan batu ne da ya cancanci a tsaya a kansa. Lambobin yabo biyu kacal ƙasar ta taɓa samu a Olamfik: tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972, da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a tekwando a 2016. Dukansu a wasannin mutum ɗaya ne, waɗanda ba sa buƙatar ƙungiya ta mutum goma sha ɗaya da babban filin ciyawa.

Tarihin taya da daɓe

Wasan ya samo asali ne a jihar Kaliforniya ta Amurka a shekarun 1950, wurin matasa masu hawa igiyar ruwan teku a kan katako. Ranar da teku ya kwanta, sai su ɗaura wa katako tayoyin ƙarfe su hau titi. Tayoyin na farko ba su da kirki, tsakuwa ɗaya ta isa ta kayar da mutum. Sai a farkon shekarun 1970 wani matashi mai suna Frank Nasworthy ya fito da tayoyin wata irin roba mai riƙe ƙasa, daga nan ne wasan ya bazu. A tsakiyar shekarun kuma fari ya afka wa Kaliforniya, masu gidaje suka bar wuraren ninƙayarsu babu ruwa, yara suka riƙa tsallaka katanga suna zamiya a cikin busassun kwanonin siminti. Filayen da ake ginawa yau don gasa, siffar waɗannan kwanoni suka gada. Fari dai, wanda mutanen Ayar suka san shi da kashe dabbobi, can wasa ya haifar.

A 1978 wani yaro a jihar Florida, Alan Gelfand, ya gano yadda ake tashi sama da katakon ba tare da an riƙe shi da hannu ba, aka sa wa salon laƙabinsa, wato oli. Daga baya Rodney Mullen ya nuna ana iya yin sa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa: ƙafar baya ta buga wutsiyar katakon da ƙasa, ta gaba ta goga shi ta ja shi sama ta daidaita shi. Kusan duk wani salo da ake gani a bidiyo a yau a kan wannan aka gina shi, kuma shi ne ya mayar da matakalar bene da bakin titi da bencin zama wuraren wasa.

Abin lura a duk wannan tarihi shi ne daɓe. Tayar katakon ba ta wuce santimita 5 zuwa 6 ba. Ba ta tafiya a rairayi, ba ta tafiya a kan jar ƙasa mai tsakuwa, ko kwalta ce in ta fara ɓarewa sai ta tsaya cak ta jefar da mai hawa.

Garin rairayi

A nan ne matsalar Agadez take. Tsohon garin, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, gari ne na laka da lunguna masu yashi, daga gindin hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27 har zuwa fadar Sarkin Ayar. Yawancin sababbin unguwanni ma haka suke. Wuri mai santsi shi ne gudro: hanyoyin da aka shimfiɗa ko aka gyara lokacin shirin Agadez Sokni na bikin 18 ga watan Disamba na 2016, da babbar hanyar da ta taso daga Tawa ta wuce Arlit. Ke nan duk yaron da ya samu katako ko takalmi mai taya a garin, kwalta zai nufa, inda zai haɗa hanya da kabu-kabu da adaidaita da manyan motocin kaya da motocin masu zuwa haƙar zinariya.

Akwai kuma ƙura. A cikin kowace taya akwai boris guda biyu, abin da masu gyaran babur a nan suka fi sani da sunansa na Faransanci, roulement. Ƙurar hunturu tana shiga cikinsu ta cinye su, sai an riƙa kwancewa ana wankewa ana sa mai. Ga zafin watannin Afrilu zuwa Yuni da ke haura digiri 40, lokacin da siminti ba ya taɓuwa da rana. Wasan safe ne da na bayan la'asar.

Sai dai kada a ɗauka katako mai taya baƙo ne gaba ɗaya a ƙasar Hausa. Yaran da suka tashi suna ƙera motar kara da ta langa-langa sun san amfanin tsohon boris da guntun katako. Fiye da haka ma, akwai ƙwallon guragu, wanda wani ɗan Kano da cutar shan inna ta taɓa, Misbahu Lawan Didi, ya ƙirƙiro a Legas a 1988. Ƴan wasan suna zaune ne a kan katakon nan mai tayoyi da suke yawo da shi kullum, suna tura kansu da hannu, suna buga ƙwallon da hannu. Wasan ya samu hukumarsa a Najeriya, ya kuma tsallaka zuwa Ghana, inda ƙungiyar Rolling Rockets ta birnin Accra ta yi suna da atisaye a wata tashar tasi. Abin da jama'a ke kallo a matsayin alamar bara, su suka mayar da shi kayan gasa. Kuma abin da ya kai su tashar mota shi ne dai neman daɓe mai santsi, irin wanda yaron Agadez zai nema.

Yadda wasu suka yi

A unguwar Kitintale ta birnin Kampala, a Yuganda, wani matashi mai suna Jackson Mubiru da abokinsa ɗan Afirka ta Kudu, Shael Swart, sun gina filin zamiya da hannunsu a 2006, da bulo da siminti, tare da yaran unguwa. Shi ne na farko a Gabashin Afirka, kuma daga cikinsa ne ƙungiyar wasan ta ƙasar ta fito. A Addis Ababa, matasan ƙungiyar Ethiopia Skate sun daɗe suna wasa a wani filin ajiye motoci kafin ƴan sa-kai daga ƙasashe daban-daban su taya su gina fili na siminti a 2016. A Accra an buɗe filin Freedom Skatepark a watan Disamba na 2021, da tallafin fitaccen mai zanen tufafi Virgil Abloh, wanda ya rasu gab da buɗewar. Filin bai cika shekara biyu ba rikicin mallakar ƙasar da aka gina shi a kai ya taso. Duk mai tunanin irin wannan aiki a Nijar, takardar fili daga ma'aikatar magajin gari ya kamata ya fara nema kafin buhun siminti na farko.

Misalin da ya fi kusa da damuwar iyaye shi ne na Kabul. A 2007 wani ɗan Ostareliya, Oliver Percovich, ya fara ba yaran titi aron katakonsa a babban birnin na Afganistan. Daga nan aka kafa ƙungiyar Skateistan, wadda ta buɗe makaranta a 2009 bisa tsari mai sauƙi: awa ɗaya ta wasa, awa ɗaya ta karatu, kuma ranakun mata daban da malamai mata. Da yake wasan sabo ne, babu wanda ya riga ya yanke cewa na maza ne, sai ƴan mata suka shiga da yawa. Wani gajeren fim a kan waɗannan ƴan mata ya ci kyautar Oscar a 2020. Dawowar Taliban kan mulki a 2021 ta dagula aikin a can, amma tsarin ya riga ya isa Kambodiya da Afirka ta Kudu.

Haɗarin da ke ciki

Tsoron iyaye yana da tushe. Raunin da aka fi samu shi ne karayar wuyan hannu, domin mai faɗuwa hannu yake kai wa ƙasa, sai targaɗen idon sawu da kurjewar gwiwa. Waɗannan suna warkewa. Wanda ba ya warkewa da sauƙi shi ne buguwar kai, kuma mafi yawan mace-macen da ake dangantawa da wasan a duniya a kan titi suke faruwa, tsakanin yaro da mota. Mafi muni ita ce ɗabi'ar da ake gani a wasu manyan birane na yankin, inda matashi mai takalmin taya ke kama bayan mota ko adaidaita tana jan sa da gudu. Direba bai san da shi ba, taya kuma ba ta san rami ba.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada yaron da bai kai shekara 5 ba ya hau katakon, ɗan shekara 6 zuwa 10 kuma sai da babba a kusa. Hular kwano dole ce, tare da kariyar gwiwa da ta wuyan hannu, da rufaffen takalmi maimakon silifa. Yaron da ya bugu a kai ya yi amai, ko ya rikice, ko barci ya dinga fizgarsa, likita za a kai shi nan take, ba wurin mai ɗori ba.

Hana wasan baki ɗaya ba ya cika aiki, don yaron da aka hana a ƙofar gida can bakin kwalta zai koma inda ba mai ganinsa. Abin da ake buƙata kuma bai kai yadda ake zato ba. Mai koyo ba ya neman kwanon Olamfik. Daɓen siminti mai girman filin ƙwallon kwando, mita 28 da 15, ya isa yara da dama su koyi turawa da juyawa da tsalle, in aka ƙara ɗan gangare ɗaya da dakali. Siminti ana yin sa a Malbaza. Abin da ke da wuya shi ne hannun magini, don dole a goge daɓen ya yi sumul, a bar masa hanyar wucewar ruwa, a kuma yi ta shayar da shi kwanaki bayan zubawa kada zafi ya tsaga shi. Sai rumfa ko itatuwa don inuwa, da tsintsiya, domin a Agadez share yashi zai zama aikin kowace rana kafin a fara wasa.

Agadez ta karɓi gasar kokowa ta takobin ƙasa a watan Disamba na 2023, inda Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobinsa na shida a gaban dubban jama'a, a kan yashin da garin ke da shi a wadace. Gidan matasa, da harabar makarantu, da gefen filin wasanni, duk wurare ne na hukuma da ba a rikicin mallakarsu, kuma a cikinsu ne za a iya zuba irin wannan daɓe, a ajiye katakai goma ko ashirin na aro, a ware wa ƴan mata nasu lokaci, a kuma sa sharaɗin cewa sai wanda ya je makaranta da safe zai hau da yamma.