Juji ba wurin kiwo ba ne: ƙazantar gari da lafiyar bisashenku



Duk wanda ya taɓa tsayawa kwata da sassafe, lokacin da rundawa ke buɗe cikin bisa, ya san abin da za mu yi magana a kai. Aikina ne duba nama, kuma na sha ganin akuya ko saniya da aka yanka don ramewa, a buɗe tumbi a tarar da leda ta nannaɗe ta dunƙule kamar igiya, haɗe da tsumma da guntun takalmi. Mai ita ya sayi maganin tsutsa har ya gaji, ya ba ta dusa, bai ga canji ba. Ba tsutsa ba ce. Juji ne ta ci.

Mi ke sa bisa cin shara?

Abu biyu ne. Na farko yunwa: daga watan 3 zuwa watan 6, daji ya ƙone, kara ya ƙare, bisashe sai su nufo bakin gari da kasuwa. Na biyu ƙwarin gishiri: bisar da jikinta ya rasa gishiri da sinadarin ƙashi takan lashi ƙasa, ta tauni ƙashi, tsumma, duk abin da ta samu. Ledar da aka ƙulla ƙosai, mai ko gishiri a ciki tana da ƙamshin abinci. Saniya kuma ba ta tsince abinci, da harshe take naɗowa ta haɗiye.

Irin ƙazantar da ke kashe muna dukiya

1. Leda. Ba ta narkewa cikin ciki, ko ta shekara nawa. Tana cika tumbi, ta hana abinci wuri. Alamunta: bisa tana ramewa sannu sannu, cikinta ya kumbura ya yi tauri, kashi kaɗan, tuƙa ta ragu, nono ya janye, gashi ya tashi. Ku sani fa, babu allura ko ƙwaya da ke narkar da leda. Sai dai likitan dabbobi ya yi aiki ya fidda ta, ko a sai da bisar tun da sauran nama jikinta.

2. Ƙusa, waya da allura. Suna faɗawa ƙaramin cikin nan mai kama da saƙar zuma, wanda ke dab da zuciya. In ƙusa ta huda shi, takan kai ga zuciya. Za ka ga saniya ta ƙi ci ba zato, ta gantsare baya, tana nishi, ba ta son tafiya. Wayar tsohuwar taya da aka ƙone tana cikin masu yin wanga aiki.

3. Tsofaffin batura na mota, na babur da na sola. Akwai dalma cikinsu, kuma shanu, musamman maruƙa, suna son lasarsu. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa: bisa ta makance, tana cizon haƙora, dalala na zuba, tana dogara kai ga bango, ta faɗi tana shure-shure. Dalma tana bin nono zuwa ga yara. A 2010, a jihar Zamfara maƙwabciyarmu, ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, kuma kafin a gane, agwagin garuruwan ne suka fara mutuwa. Abin da ya kashe bisa yana iya kashe ɗanka. Pil ɗin tocila da na rediyo su ma kada a bar su cikin garke.

4. Maganin ƙwari da takin zamani. Wurin noman rani, kamar Galmi, Ƙonni da Jiratawa, ana yawan feshi. Bisar da ta ci ganyen da aka fesa ba da jimawa ba, ko ta sha ruwan da aka wanke famfon feshi, za ka ga tana dalala, tana zawo, jiki na rawa, numfashi na wuya. Galan ɗin maganin ko an wanke shi sau goma bai zama na ruwan sha ko na nono ba. Takin ure ma, in saniya ta samu buhu buɗe ta ci da yawa, cikin sa'a guda tana iya mutuwa.

5. Baƙin man mota. Wasu na shafa shi ga bisa mai ƙaswa. Ku bari. Yana ƙona fata, bisa ta lashe shi ya shiga ciki. Akwai maganin ƙaswa na gaskiya wurin malaman kiwo.

6. Mushe. Bisar da aka yar bakin tabki ko kusa da rijiya tana ɓata ruwan kowa. In ciwon saifa ne ya kashe ta, ƙwayar cutar tana zama cikin ƙasa shekaru da dama, ta kama duk garken da ya zo kiwo wurin. Shanun da ke taunar ƙasusuwan mushe kuma suna iya kamuwa da ciwon da ke shanye ƙafafu da harshe.

Ina asarar take?

Rago mai leda a ciki ba ya ƙiba, ko ka ɗaure shi turke wata 6; harawa da dusar da ka saya sun tafi banza, ranar kasuwar layya kuma dillali ya taya maka kuɗin ƙashi. Akuyar da ta rame ba ta ɗaukar ciki. Ledar da ta bi taki zuwa gona tana hana ruwa shiga ƙasa. A Nijar akwai doka tun 2014 da ta hana yin leda maras kauri, shigowa da ita da sai da ita, amma kowa na ganin yadda take rataye ga ƙaya bakin kowane gari. Saboda haka tsaron garkenka yana hannunka.

Abin da za ku yi

- Ku tanadi kara, harawa da ciyawa tun kaka, don kada yunwar bazara ta kai bisashe juji.
- Ku aje masu gishiri ko dutsen lasa a koyaushe.
- Ku tsince leda, waya da ƙusa cikin garke, wurin shan ruwa da cikin dusar da kuka sayo.
- Cikin gari, a ɗaure awaki da tumaki, kada a sake su su bi kasuwa.
- Kada a ƙone leda da taya kusa da garke ko ɗakin kwana. Hayaƙin guba ne. A tara a rufe cikin rami nesa da rijiya.
- Galan ɗin maganin ƙwari a huda shi don kada wani ya ɗauka. A tambayi mai garka ranar da ya yi feshi kafin a sa bisashe.
- Bisar da ta mutu farat ɗaya, jini na fita hanci ko dubura, kada a feɗe ta, kada a ci. A ƙone ta, ko a rufe cikin rami mai zurfin mita 2, a gaya ma ma'aikatar kiwo ranar nan.
- In kuna zaton guba ce, ku fidda sauran garken daga wurin, kada a sha nonon, ku zo muna da galan ko buhun abin da ta ci. Sunan da ke jiki shi ke nuna muna maganin da za mu yi.

Ku kai maganar ga mai gari da kwamitin rijiya, a sa rana guda kafin ruwan farko a share bakin tabki da mashaya, don abin da aka bari nan damana za ta kwashe shi ta zuba cikin ruwan da ku da bisashenku za ku sha.

Allah ya ƙara albarka ga garke, ya ba mu damana mai kyau.