Wane aiki ake yi da digirin soshiyoloji? Darasi daga unguwar Sabo ta Ibadan

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbi, akan samu ɗaliban da suka nemi karatun lauya amma suka tsinci kansu a sashen soshiyoloji, wato nazarin zamantakewar al'umma. Tambayar da ke jiransu a gida ita ce: wane aiki ake yi da wannan karatu?

Wani bincike da aka yi kan Hausawa ya isa misali. A farkon shekarun 1960, masani Abner Cohen ya zauna a Sabo, unguwar Hausawa da ke Ibadan, ya kuma wallafa littafinsa a 1969. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda mazauna Sabo suka ƙara riƙo da al'adunsu a tsakiyar birnin Yarabawa, maimakon su saje.

Cohen ya gano cewa dalilin ya wuce kewar gida. Fataucin goro da shanu tsakanin Kudu da Arewa ya dogara ne kan bashi da amana, inda mai gida ke saukar da fatake, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu wajen dillalai. Da siyasar jam'iyyu ta fara raunana ikon Sarkin Sabo a shekarun 1950, sai jama'ar unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu. A ganinsa, hakan ya taimaka musu wajen tsare haɗin kansu da kasuwarsu.

Irin wannan hangen ake koya wa ɗalibi cikin shekara huɗu a jami'o'i kamar Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya. Ana karanta ra'ayoyin Durkheim da Weber da Marx, ana koyon ƙididdiga da dabarun bincike, sannan a shekarar ƙarshe ɗalibi ya rubuta nasa binciken.

Masu wannan digiri kan yi aiki a ofisoshin jin daɗin jama'a, gidajen gyaran hali, hukumar ƙidaya da ƙungiyoyin agaji, duk da cewa takardar ba ta lamunce wa kowa aiki ba.

Buƙatar kuwa tana nan. Duk lokacin da aka tashi kasuwa ko aka rushe unguwa ba tare da sanin abin da ya haɗa mutanenta ba, asarar ba ta tsayawa kan rumfuna da gidaje, domin amanar da ciniki ke tafiya a kanta ita ma watsewa take yi.