Daga Haihuwa Zuwa Kabari a Majami'ar Yahudawa

A majami'ar Bevis Marks ta birnin Landan, wadda aka buɗe a 1701, kamar sauran majami'un Yahudawa masu riƙe da tsohuwar al'ada, ibadar jam'i ba ta cika sai da maza baligai goma.

Idan aka haifi ɗa namiji, a rana ta takwas ake yi masa kaciya, a raɗa masa suna. Da ya cika shekara 13 sai a kira shi gaban jama'a ya karanta Attaura da Ibrananci. Daga nan ana lissafa shi cikin goman. Wannan biki shi ake kira bar mitzba.

Aure kuwa a ƙarƙashin rumfa ake ɗaura shi. Ango ya taka kofin gilashi ya fashe, domin tunawa da Haikalin Birnin Ƙudus da Romawa suka rushe a shekara ta 70.

In an yi rasuwa, akan gaggauta binnewa, iyali su yi zaman makoki kwana bakwai. Addu'ar Kadish, wadda ɗa yake karantawa har wata 11 bayan mutuwar mahaifi, ita ma sai da goma. Saboda haka 'yan majami'a sukan taru a gidan makokin, don kada maraya ya rasa masu amsa masa amin.