Maganin Faɗuwar Gaba da Rashin Barci a Ƙasar Auduga

Daga Funtuwa zuwa Malumfashi, har Bakori da Ɗandume, babu ranar kasuwar da mai magani ba ya shimfiɗa buhu ya jera saiwoyi da sassaƙe. Cikin abin da jama'a ke yawan tambayarsa akwai maganin faɗuwar gaba, da zullumi, da ƙauracewar barci. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Manomi ya ci bashin taki, falke ya tara masara farashi ya karye, ga kuma tsoron ɓarayin daji, waɗanda suka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara ran 11 ga Disamba na shekarar 2020.

To, mai karatu ya sani, farkon magani shi ne rage goro. Abin da ke cikin gahawa mai hana barci yana cikin goro, yana cikin ganyen shayi, shi ne ke sa zuciya bugawa da sauri, hannu ya riƙa rawa. Mutumin da ya wuni a rumfa yana ɓara goro, ya bi da shayi mai kauri bayan isha'i, sa'an nan ya zo neman saiwar da za ta kwantar masa da rai, lalle yana zuba ruwa cikin kwando ne. Ya bar su tun daga azahar har mako biyu, ya ga yadda darensa zai zama.

Bayan wannan sai talbina, watau kunun garin sha'ir da madara da zuma. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa takan sa a dama wa marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, don tana sanyaya zuciya. Hikimar a fili take, zama mai baƙin ciki yakan bar abinci, yunwa kuwa ƙara fargaba take yi. Zoɓo shi ma yana da nasa amfani. A 2010 masana a Jami'ar Tufts ta Amurka suka ba da labarin mutanen da suka shayar kofi uku kullum har mako shida, hawan jininsu ya ɗan sauka. Amma a dafa shi ba sukari, kuma mai shan ƙwayar hawan jini kada ya bar ta sabili da zoɓo. Na'ana'a a ruwan zafi tana kwantar da ciki, iyakarta ke nan.

Akwai wani tsiro da mutanen Indiya ke kira ashwagandha, yanzu ana sayar da garinsa cikin kwalba. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage damuwa kaɗan, amma an sami waɗanda ya taɓa wa hanta, har ƙasar Denmark ta hana sayar da shi a 2023. Mai juna biyu kada ta kusance shi.

Abin tsoro na ainihi shi ne zaƙami. Ba banza Hausawa suka sa masa suna haukata-yaro ba: yana busar da baki, ya buɗe ƙwayar ido, ya sa sambatu, in ya yi yawa ya kashe. Wanda ya ba mai zullumi zaƙami ya ƙara masa wuta ne. Saiwar sanya ma, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna, dafi ce in an wuce kima, ga shi mai talla ba ya auna ta sai da tafin hannu. Duk ƙullin garin da mai shi ya ƙi faɗin abin da ke ciki, a bar masa kayansa.

Faɗuwar gaba kuma wani lokaci alamar ƙarancin jini ce, ko ciwon maƙoƙo, ko na zuciya. In ta wuce wata guda, ko ta zo da ciwon ƙirji, ko mutum ya fara cewa ya gaji da rayuwa, 'yan'uwa su kai shi babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ran nan, su tafi da ƙullin maganin da yake sha likita ya gani.