Wuƙa a Hannun Bahaushe: Daga Kube Zuwa Aljihu a Unguwannin Hausawa na Duwala

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suka ɗauki tara ƙananan wuƙaƙe na gargajiya a matsayin abin sha'awa, kamar yadda wasu ke tara kan sarki ko tsofaffin kuɗi. Bahaushe kuwa ya san wuƙa ne a matsayin kayan aiki, abin da ake nema idan za a yanka, a feɗe ko a fiƙe. Wannan takarda za ta dubi yadda waɗannan fahimtoci biyu ke haɗuwa a birnin Duwala na ƙasar Kamaru, inda Hausawa suka yi fiye da shekara ɗari suna zaune. Za a kawo ire-iren wuƙaƙe da sunayen sassansu, da kalmomin aikatau da ke tafiya da su, domin ɗalibi ya ga yadda abu guda ke ɗauke da tarin kalmomi da tarihin sana'o'i.

2.0 Hausawa a Duwala

Fatauci ne ya kai Hausawa kudancin Kamaru. Sun bi ta Adamawa, ta garuruwa irin su Gaundare da Tibati da Banyo, suna cinikin goro da hauren giwa da tufafi da dabbobi, har suka kai bakin teku. Jamusawa sun mulki Kamaru daga 1884 zuwa 1916. A ƙarshen mulkinsu suka ƙwace filayen mutanen Duwala da ke bakin kogin Wuri, suka ware musu wani wuri a bayan gari wanda aka kira New Bell. Sarkin da ya yi jayayya da wannan ƙwace, wato Rudolf Duala Manga Bell, an rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya, a zamanin Faransawa, New Bell ta zama unguwar baƙi, inda Hausawa da Bamileke da Basa da sauran ƙabilu suka yi sansani, kowa da ɓangarensa.

Daga cikin sana'o'in da aka san Hausawa da su a can akwai fawa da gashin nama da wanzanci. Duk wanda ya zaga rumfunan nama a kasuwannin birnin, kamar Marché Central da Marché Congo da Marché Dakar, zai ga cewa waɗannan sana'o'i ba su yiwuwa sai da ƙarfe mai kaifi. Har sunan da mutanen Kamaru ke kiran gasasshen nama da shi, wato "soya", daga Hausa ya fito. A Hausa "soya" aikatau ne, "suya" kuma sunan aikin, amma naman da aka tsira a tsinke aka gasa sunansa tsire, wanda aka gasa a shimfiɗe kuwa balangu.

3.0 Wuƙa da sassanta

Kalmar "wuƙa" jinsin mace ce, jam'inta "wuƙaƙe". Don haka ake cewa wuƙar nan ta dakushe, ba ya dakushe ba. Sassanta su ne:

(a) Ruwa: ƙarfen wuƙar gaba ɗaya, kamar yadda ake cewa ruwan takobi.
(b) Kaifi: gefen da ke yanka.
(c) Tsini: bakin da ke suka.
(d) Ƙota ko mariƙi: wurin riƙewa, na itace ko ƙaho, wani lokaci a naɗe shi da fata.
(e) Kube: gidan da ake zura ta.

Wuƙar gargajiya aikin mutum biyu ce. Maƙeri ne ke ƙera ruwan, baduku kuma ya ɗinka kuben da jemammiyar fata, ya yi masa ado da ja da baƙi da kore. A da maƙeran baƙi tama suke narkawa su fitar da ƙarfe. Yanzu tsohon ƙarfen mota suke amfani da shi, musamman sifirin, saboda yana riƙe kaifi. Ana sa shi a garwashin gawayi, a hura da zugazugi har ya yi ja, a kama da awartaki, a ɗora a uwar maƙera a yi ta dukansa da masaba. Idan ya ɗauki siffa sai a sake gasa shi a tsoma a ruwa ko mai don ya yi tauri, sannan a goge da magagari a wasa a dutse.

A nan akwai darasin nahawu. Ɗafa-goshin "ma-" yana samar da sunan mai aiki da na wurin aiki da na kayan aiki. Daga "ƙera" aka sami maƙeri, jam'i maƙera, aka kuma sami maƙera, wato wurin ƙira. A rubuce kalmomin biyu iri ɗaya ne, karin sauti ne ya bambanta su. Haka abin yake ga mahauta, jam'in mahauci, da mahauta, wurin da ake yanka dabbobi.

4.0 Kowace sana'a da tata

Mahauci ba ya wadatuwa da wuƙa guda. Akwai doguwa ta yanka, da gajera ta fiɗa wadda ke bi tsakanin fata da nama ba tare da ta huda fatar ba, sannan gatari ko adda na sarar ƙashi. Mai tsire yana buƙatar siririya mai tsananin kaifi, domin ribarsa tana cikin iya yanka nama falle-falle.

Wanzami yana da aska, jam'i asake, wadda yake ajiyewa a zabira tare da ƙahon ƙaho da sauran kayan aikinsa. Da ita yake aski da kaciya da tsaga. Tun da aka fahimci cewa cututtuka irin su ƙanjamau na iya yaɗuwa ta ƙarfen da ya taɓa jini, mutane da yawa suka koma ga reza sabuwa wadda ake yarwa bayan aiki ɗaya.

Malami da almajiri su ma suna da 'yar wuƙar da suke fiƙe alƙalami da ita, su tsaga bakinsa don ya riƙe tawada. Matafiyi da makiyayi kuma sun saba ɗaura wuƙa a damtse, cikin kube mai zoben fata, a ƙarƙashin hannun riga. Irin wannan ɗauri ya yaɗu a yankin Sahel, daga Buzaye har mutanen Barno da Cadi.

Kowane aiki da aikatau nasa. Ana yanka rago, a feɗe shi, a daddatsa ƙashi. Ana fere rogo ko doya, a kankare kifi, a fiƙe fensir, a tsaga goro. Ɗalibin da ya ce ya yanka fensir bai yi kuskuren nahawu ba, amma ba abin da yake nufi ya faɗa ba.

5.0 Wuƙar aljihu

Wuƙa mai naɗewa, wadda ruwanta ke komawa cikin ƙota, baƙuwa ce. Ta shigo ne da cinikin Turawa ta tashoshin jiragen ruwa irin na Duwala. Iri uku sun cancanci ambato.

Ta farko ita ce Okapi, wadda aka fara yi a garin Solingen na Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka. Tana da ƙotar katako da wani zobe a baya wanda ake ja kafin a naɗe ta. A 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu. Ta biyu ita ce Douk-Douk, ta kamfanin Cognet da ke garin Thiers na Faransa, wadda ta fito a 1929. Don tsibiran tekun Fasifik aka yi ta, amma a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka ta fi karɓuwa. Ƙotarta falle ɗaya ne na ƙarfe da aka lanƙwasa, don haka ba ta cika aljihu. Ta uku ita ce Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara yi a yankin Savoie a 1890. An jera ta bisa lamba gwargwadon girma, kuma a 1955 aka ƙara mata zoben da ake murzawa don kada ruwan ya rufe a kan yatsa.

Abin lura shi ne, dukkansu an yi su ne da araha domin manoma da leburori. Yau su ne masu tarawa ke bi suna duba tambarin da aka buga a jikin ruwa don gane shekarar ƙira da garin da aka yi su. Okapi mai tambarin Jamus, alal misali, ta girmi wadda ke ɗauke da tambarin Afirka ta Kudu.

6.0 Tarawa da adanawa

Mai tara wuƙaƙe a Duwala yana da abokin gaba wanda na Kano bai san ƙarfinsa ba, wato laima. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara ya haura milimita 3,500, na Kano kuwa yawanci bai kai 1,000 ba. Baƙin ƙarfe yana saurin tsatsa, fata kuma tana yin fumfuna. Saboda haka ba a barin wuƙa cikin kube tsawon watanni. Ana goge ta ta bushe, a shafa mata mai kaɗan, a ajiye kuben daban inda iska ke shiga.

Akwai kuma matsalar jabu. Inda masu yawon buɗe ido ke sayen kayan tarihi, akan tsufar da sabuwar wuƙa da hayaƙi ko ƙasa. Wadda ta yi aiki da gaske tana da shaida: ruwanta ya sirance saboda yawan wasawa, ƙotarta ta yi santsi a daidai inda hannu ke kamawa.

Babbar asarar ita ce ta suna. Idan wuƙa ta bar hannun mai ita ta shiga akwatin gilashi ba tare da an rubuta sunanta da aikinta da garin da aka ƙera ta ba, ƙarfe ne kawai ya saura. Yaron da ya tashi a New Bell yana jin Faransanci a makaranta da titi yana iya sanin "wuƙa", amma "kube" da "zabira" da "magagari" su kuɓuce masa idan sana'ar ta bar gidansu.

7.0 Ɗauka da doka

Mallakar wuƙa daban, yawo da ita daban. Wuƙar mahauci a rumfa ko ta maigida ranar Layya ba ta tayar wa kowa hankali. Amma a birane irin su Kano, ta'asar 'yan daba ta sa ana yi wa matashin da aka gani da wuƙa a ƙugu kallon zargi. A Ingila dokar 1988 ta yarda a ɗauki wuƙa mai naɗewa wadda ruwanta bai wuce inci 3 ba, kotuna kuma suka fitar da mai makulli daga wannan rangwame. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka, an tsananta hana shiga da wuƙa cikin jirgin sama.

8.0 Wuƙa a cikin magana

Idan aka ce wuƙa da nama suna hannun wane, ana nufin iko duka nasa ne. Mutum kaifi ɗaya shi ne wanda ba ya magana biyu. Wanda ya feɗe biri har wutsiya ya faɗi komai bai rage ba. Ana cewa aski ya zo gaban goshi idan aiki ya kusa ƙarewa, ana kuma cewa wanzami ba ya son jarfa ga wanda ke yi wa wasu abin da ba ya so a yi masa. Wasa wuƙa kuwa, ban da ma'anarsa ta zahiri, yana nufin shirin faɗa ko takara.

9.0 Kammalawa

An ga cewa wuƙa ta haɗa maƙeri da baduku da mahauci da wanzami da malami, ta kuma haɗa Duwala da Solingen da Thiers. Aikin da ya dace da ɗalibi shi ne ya je rumfar mahauci ko maƙera mafi kusa da shi, ya nemi izini, ya tambayi sunan kowace wuƙa da aikinta, ya rubuta kalmomin da jinsinsu da jam'insu, sannan ya kwatanta su da waɗanda aka kawo a nan.